Muryar da Mma Take Yi wa Baƙi

Ni ne ɗan fari a wurin Mma, kuma duk wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa a Togo, ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta zama a tabarmar da nake zaune. Kunyar ɗan fari ke nan, ita kuwa Mma ta riƙe tata babu fashi, kamar mai azumin alkawari. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Sokodé aka kai ni Dapaong wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Can na yi firamare, can na koyi zagi da yaren Moba. Da na dawo Sokodé don shiga sakandare, Mma ta samo mini sunan da bakinta zai iya ɗauka, ta riƙa ce mini ɗan Dapaong.

Wanda bai sani ba zai ce ba ma ga maciji da juna, alhali babu wanda nake hira da shi a duniya kamar Mma. Sai dai hirar tamu ba ta tafiya miƙe, sai ta bi ta kan wani. Bayan rasuwar Baba, wanda mahauci ne a babbar kasuwa, mu uku muka rage a gidanmu na unguwar Kpangalam, ni da Mma da ƙanwata, sai wata mata 'yar ƙabilar Tem da take haya a ɗakin ƙofar gida. Ƙanwata ce hanyar da maganarmu take bi.

"Ki ce wa ɗan Dapaong rufin ɗakin girki yana yoyo," Mma za ta ce, ina zaune kusa da ita har ina jin ƙamshin man kaɗanyar da ta shafa.

"Ki ce wa mai ɗakin girkin na ji, a bari rani ya shiga."

"Ki ce masa da rani ba a yoyo."

Ƙanwata ba ta ko ɗaga kai daga ɓarar gyaɗarta, ba ta kuma maimaita wa kowa komai. Zamanta a wurin shi ne duk aikinta. Ta kanta Mma ta yi mini tatas a kan ƙin aure, ta kanta muka yi rigima a kan filin da Baba ya bari har muka shirya. Idan ƙanwata ba ta nan, ai kaji suna nan. "Ku kaji, ga tuwo can a rufe yana sandarewa, mai shi kuma yana ɗaki yana surutu da bango." Ni kuma in leƙo in shaida wa kajin cewa ina zuwa.

Surutu da bangon nan shi ne sana'ata. Na gama jami'a a Kara na dawo ina ɗumama benci a ƙofar shagon wani tela, har Allah ya kawo mini aikin da na rasa yadda zan bayyana wa 'yan zango. Wani kamfani ne a Turai da yake sayar wa likitocin haƙori manhajar da suke tsara marasa lafiyarsu da ita. Idan abin ya rikice wa sakatariyar likita a Faransa ko Beljiyam, sai ta buga lamba, ni kuma in ɗauka a ɗakina a Kpangalam, sama riga mai kwala, ƙasa gajeren wando, in warware mata da Faransancin da na wanke na goge. Unguwa ta yanke hukunci cewa ko ɗan damfara ne ni, ko kuwa da aljanu nake hira. Wata maƙwabciya ta zo bugun cikin Mma, na ji amsar ta taga: "Ɗan Dapaong ɗin? Ban san abin da yake yi ba. Na dai san ba ya yawo, kuma ba ya roƙo."

A shekarun nan ne na fi kusa da ita. Bango ɗaya ne tsakanin teburina da madafarta. Ta gane muryar da nake yi idan ina magana da masu kira, ta sa mata suna muryar biro, wato muryar ofis, kuma da ta ji ta sai taɓarya ta tsaya. Sokodé garin doya ne, sakwara kuma ba ta jiran kowa, amma na sha cin sakwara mai gudaji saboda wata sakatariya a Beljiyam ta manta yadda ake shiga manhajarta. Idan zafin bazara ya tsananta, sai in ga an rataye jiƙaƙƙen zane a tagata daga waje. Ban taɓa ganin hannun da yake rataye shi ba, ban kuma taɓa yin godiya ba, don godiyar da ta ɓata abin.

Ana nan sai shugaban sashenmu ya kira ni. Wai doka ta tsananta a kan bayanan marasa lafiya, ba a yarda a ci gaba da buɗe su daga wajen Turai ba. Ko in koma can su taimaka mini da takardun zama, ko mu rabu lafiya. Ofishinsu yana wata ƙasa a tsakiyar Turai, ƙasar da ba ta da teku, wadda sai da na lalubo ta a taswira. Ba ma sai na riƙa zuwa ofis ba, in ji shi, daga ɗakina zan ci gaba da aiki. Abin da ake buƙata kawai shi ne ɗakin ya kasance a can.

Na yi masifa ranar har kaji suka watse. Amma kada in yi ƙarya, ƙarƙashin masifar akwai murna. Wane ɗan zango ne za a ce masa ga Turai da takarda a hannu, ba ta hamada ba, ba ta teku ba, ya ce a kai kasuwa?

Da yamma na shaida wa ƙanwata a gaban Mma. Mma tana juya miya ta yi magana.

"Ki tambaye shi, can ɗin wani ordinata za su ba shi?"

"Ki ce mata kwamfutar nan tawa dai zan tafi da ita."

"Da wani bakin zai yi maganar?"

"Da wannan."

"To ki tambaye shi, ɗakin nan me ya yi musu?"

Ta sauke tukunya ta shige ɗaki, daga can ta gaya wa labule cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Da takardu suka fito na hau mota zuwa Dapaong yin sallama da Goggo. Hanyar da na sani ce tun ina goye, ka wuce Bafilo da Kara da Mango, itatuwa suna raguwa rana tana ƙaruwa. Goggo ba ta san wata kunya da ni ba. Ita ta goya ni, ita ta share mini majina, sunana kuma a bakinta yake kamar goro. Da na faɗa mata ta ɗora hannu a ka ta yi kukan da maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu. Ta share hawaye ta sa aka yanka mini zabo, ta gargaɗe ni cewa in har zan kawo mata Baturiya, to in kawo wadda ta iya daka. Sai da na ɗauki jakata sannan ta riƙe mini hannu.

"Ka je, amma ka ji. Zumunta a ƙafa take, ba a cikin telefon ba."

"Goggo, duniya ta canja. Kullum za ki gan ni a telefon ɗin."

"Ni zan gan ka. Uwarka fa?"

Dariya na yi mata, don ban ga abin damuwa ba. Ai ƙanwata tana nan.

Ba zan ɓata ƙasar mutane ba, ba su yi mini komai ba. Abin da ya dame ni ma ke nan, ba su yi mini komai ba. Na kama ɗaki a hawa na huɗu na wani tsohon bene, tagata tana kallon layin jirgin cikin gari. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, maƙwabta suna gyaɗa mini kai a matakala su wuce. Yarensu kuwa na yi iya ƙoƙarina, amma kalma ɗaya sai ta ƙare mini numfashi kafin in kai ƙarshenta. Na sayi tebur irin nawa na gida, na jingina shi da bango, na sa abin kunnena na ci gaba da aiki. Sakatarorin ba su ma san na motsa ba. Wata da ta saba da ni ta tambaye ni yaya zafi a can wurinku, na ce mata da sauƙi, ina kallon ƙanƙara tana sauka a taga. Shiru kam akwai shi fiye da wanda nake buƙata, sai dai shirun can na kowa ne, ba wanda ya yi shi domina.

Tsakaninmu da Togo awa ɗaya ne, wani lokacin biyu, don haka ba zan ɗora wa lokaci laifi ba. Bayan la'asar ɗinsu nake kira da bidiyo. Ƙanwata ta jingina wayar da randa, Mma ta zauna a karkace, abin da nake gani nata kunne ne da gefen ɗankwali da hannuwa suna tsince tsakuwa daga wake.

"Ki ce masa ya rame."

"Ki ce mata ai ba ta ma kalle ni ba."

"Ki ce masa muryarsa ce ta rame."

Ta haka na ji gwiwarta ta fara ciwo, na ji wanda ya haihu da wanda ya saki matarsa, na ji cewa kuɗin da nake aikowa ba za su yi mini aure ba. Haka na ci shekarar farko, kuma da a haka aka ɗore da ba ni da abin rubutawa.

Sai ƙanwata ta yi aure. Wani ma'aikacin jinya ne a Dapaong, ɗan maƙwabtan Goggo, ƙanwata ce ta gan shi ta ce tana so, kowa ya yi murna har da ni. Ban samu zuwa biki ba, don lokacin ana sabunta mini takardar zama, an ce kada in fita ƙasar sai sabuwa ta fito. A waya na ga an fito da ita an lulluɓe ta, aka sa ta a mota aka yi arewa da ita. Kafin ta tafi ta bar wa Mma wayar, ta koya mata inda za ta danna idan ta yi ƙara.

Bayan biki ya watse na kira. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum," na ce.

"Wa alaikumus salam."

Ina jin kukan kaji, ina jin babur ya wuce a ƙofar gida, ina jin numfashinta. Can ta ce, "Babu kowa a gida." Ta kashe.

Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan dariyar ta ƙare ta bar ni zaune da waya a hannu. Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma korata ta yi ba. Babu wanda maganar za ta bi ta kansa. A tsakar gida kaza tana iya tsayawa tsakaninmu, ni ina ganinta, Mma tana ganinta. A waya kuwa bakinta ne da kunnena kawai, in ta yi magana da ni take yi, babu inda za ta ɓuya. Na gwada kira lokacin da 'yar hayarmu take gida, amma Mma ba za ta shanya maganar gida a gaban 'yar haya ba, abin da nake samu bai wuce a ce masa lafiya lau ba.

Daga baya na ƙirƙiro dabara. Idan ta ce babu kowa a gida, sai in ce, "To idan mutanen gidan sun dawo, a ce musu ɗan Dapaong yana nan lafiya." Ta ce, "Za a faɗa." Da wannan na rayu a sanyi na biyu. Yana riƙe rai, amma ba ya ƙosarwa. Ban san yadda gwiwar take ba, ban san ko tana cin abinci yanzu da take girka wa kanta ita kaɗai ba, kuma babu mai zagina a kan komai.

Wata rana da yamma, ƙarfe huɗu amma gari ya riga ya yi duhu kamar yadda yake yi a can, na kira Goggo don mu gaisa. Ta tambaye ni yaya uwarka. Na yi mata kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Na ce mata mako yana wucewa ban yi maganar da ba ta aiki ba da kowa, na ce ina kewar Mma kamar in yi hauka, ga ta a waya amma ba ta nan. Ban roƙe ta ta yi komai ba. Sai dai wanda ya kai wa Goggo kuka ya san ba a aljihu za ta ajiye shi ba.

Washegari ta hau mota ta sauka Sokodé. Abin da ta faɗa wa Mma daga bakinta na ji shi, don Goggo ba ta ɓoye nasararta.

"Na ce mata, kunyar nan ta mutanen da suke tsakar gida ɗaya ce. Yaro yana can cikin ƙanƙara, ba uwa ba uba, yana yi mini kuka a telefon, ke kina nan kina kunya? In ya mutu can, kunyar ce za ta yi miki ɗa? Ki buɗe baki ki kira sunansa, ba zai ƙone miki harshe ba."

Goggo yayar mijinta ce, kuma tun da aka kawo Mma gidan tana amarya ba ta taɓa musa mata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayata ta yi ƙara, na ga lambar gida. Mma ba ta taɓa kirana ba, don haka na ɗauka wani abu ya faru. Na danna, na ji ta yi sallama, sannan ta faɗi sunana. Sunana ne cikakke, wanda aka raɗa mini, ta faɗe shi a hankali kamar mai ɗauke da kwanon aro. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Ina wuni. Ina gajiya. Yaya aiki? Yaya sanyi? Yaya mutanen wurinku?"

Na yi ta amsa lafiya lau, lafiya lau.

"To madalla. Allah ya yi albarka. Sai an jima."

Na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye ba. Na sa rigar sanyi na fita bakin kogin garin ina ta tafiya ina murmushi, har wata tsohuwa mai kare ta kauce mini. Na kira Goggo na yi mata godiya, ta ce ai ita ba a kawo mata ƙara ta kwana.

Juma'a ta zagayo Mma ta sake kira, ta sake, ta sake. Gaisuwar ɗaya ce, jerinta ɗaya ne. A hankali na gane muryar. Na san ta tun ina yaro. Ita ce muryar da take yi idan abokan Baba na kasuwa sun zo gaisuwar Sallah, ko wata daga nesa ta zo barka: siririya, mai laushi, wankakkiya, babu ƙaya ko ɗaya a cikinta. Muryar baƙi ce. Na kuma kama kaina ina amsa mata da muryar biro. Idan na ce yaya gwiwa, ta ce da sauƙi, an gode. Idan na ce me ake ciki a unguwa, ta ce sai alheri. Ba ta ƙara cewa na rame ba, ba ta ƙara tayar da maganar aure ba. Mma ba ta taɓa koyon yi mini magana kai tsaye ba. Abin da take da shi na kai tsaye na baƙi ne, shi ta ɗauko ta ba ni.

Wata rana na kira 'yar hayarmu don in ji ko an kawo gawayin da na sa a kai. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Bayan maganar gawayi ta rage murya.

"Kai da Mma kun yi faɗa? In ya gama telefon da kai, sai ya shiga ɗaki ya rufe. Ranar Juma'a ba shi cin abinci."

Na yi ƙoƙarin mayar da mu inda muke. Na kira na ce idan mutanen gidan sun dawo a gaishe su, sai ta ce, "Ai ni ce. Ina jin ka." Na roƙi Goggo ta janye maganarta, ta hau ni da faɗa, wai na nemi ruwa an ba ni, yanzu kuma ina ƙorafin ya jiƙa ni. Garin neman gira na rasa ido, amma na lallashi kaina cewa laifin waya ne. In na je gida, ga tsakar gida, ga kaji, komai zai koma daidai.

Na samu hutu lokacin sabuwar doya. Jirgi ya sauke ni a Lomé, mota ta kawo ni Sokodé, ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya, ya ɗaure akwatina a gaba ya kai ni Kpangalam. Mma tana tsaye a ƙofar gida. Ta dube ni a fuska, ta faɗi sunana, ta yi mini sannu da hanya. An shimfiɗa sabuwar tabarma. An kawo ruwa a kofin gilashi, abinci kuma a kwanukan da ba a fito da su daga kabad sai da Sallah. Ta zauna a gefen tabarmar tawa ta tambaye ni me nake so a dafa gobe, tambayar da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka haife ni. In za ta shigo ɗakina sai ta yi sallama ta jira in amsa. Maƙwabta suka yi ta sa albarka, wai zaman Turai ya daidaita uwa da ɗa.

Goggo ta zo daga Dapaong tare da ƙanwata, tana ta nuna mu ga duk wanda ya shigo kamar gonar da ta nome da hannunta. Ganin ƙanwata zaune a tsakar gida ya ba ni ƙarfin gwiwa. Na gyara murya na ce, "Ki ce wa mai gidan nan ƙofar banɗaki ta lalace, tun da na zo nake kokawa da ita." Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana jiran harbin da zai dawo. Ni ma shi nake jira, da dukan zuciyata.

Mma ta juyo gare ni. "Yi haƙuri," ta ce. "Ban san ta dame ka ba. Gobe zan kira kafinta."

Uwata ce take ba ni haƙuri a kan ƙofar banɗakin gidan ubana. Na tashi na zaga bayan gida na tsaya ƙarƙashin mangwaro. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, har da ranar da muka binne Baba.

Ana gobe zan tafi, su Goggo sun koma, na same ta da hantsi tana feraye doya. Tunda yanzu kai tsaye muke magana, na yi amfani da shi.

"Mma, don Allah mu koma yadda muke. Ki yi ta faɗa wa kaji, ni zan ji."

Wuƙar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon doyar, har na ɗauka na ci nasara. Sai ta ɗago ta dube ni, na kuma ga irin wahalar da duban yake ba ta.

"An ce ka yi kuka saboda ni," ta ce. "Ba za a sake cewa ba."

Da safe na fito da akwati na tarar ta yafa mayafinta na fita unguwa. Ta sa an kira masu babur biyu. A zango ɗan gida in zai yi tafiya addu'a ake yi masa daga tsakar gida ya kama hanya, baƙo ake rakawa. Mma ta raka ni har tasha da gwiwarta mai ciwo, ta tsaya a rana har aka gama ɗaure kaya, na shiga na zauna a bakin taga. Direba ya tayar da mota, ta matso.

"Mun ji daɗin zuwanka. Allah ya kai ka lafiya. Ka gaida gida."

Na faɗi abin da ake faɗa. Na ce, "Za su ji."

Da na isa can, na ja akwatina har hawa na huɗu, na buɗe ƙofa. Saƙo amana ne, don haka na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce, "Mma tana gaishe ku."